Mangwaron Baba Direba da Ɗakin Goggo

Daga Injiniyan Kawuna zuwa ga 'Yar Goggo

Salamu alaikum jama'ar asibiti baki ɗaya! Gaisuwa ga babban likita da ƙaramin likita, da masu allura, da masu shara, da maigadi, da marasa lafiya na kan gado da na kan benci, da maigidanki da yaranki, har sauron da yake damunku. Kowa ya miƙe tsaye, Injiniyan Kawuna mai aske kan jama'a ne yake magana. Wanda bazai iya miƙewa ba ya ɗaga hannu, na yafe masa.

'Yar Goggo ya aiki ya gajiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da take ɗan ciwo, itama tsayuwa ce, kinsan layin masu son aski baya ƙarewa a wajena. Matata tana gaisheki, tayi ƙiba, tace kar in rubuta, na rubuta. Tunda inda suka kaiki aiki waya bata shiga dole na ɗauki biro, kiyi haƙuri da rubutun, hannun da almakashi ya saba.

To ga magana amma kar ki tsorata. Satin da ya wuce anyi iska da ruwa da la'asar. Kinsan mangwaron maƙwabcinmu Baba Direba, wanda yake ƙofar gidansa a kusurwar katangarmu, inda nake aski a ƙarƙashi. Babban reshen nan da ya tsallako ya rufe ɗakin marigayiya Goggo shine ya karye ya faɗo kan rufin. Kwano ya lotse, katakai sun karye, ruwa ya shiga. Ni kaɗai na fitar da gadonta da akwatinta da keken ɗinkinta, keken ma a ka na ɗauko shi mutane suna ta salati. Kafinta ya ɗan riƙe min ƙafar gado ɗaya amma riƙon banza. Babu abinda ya lalace sai katifa, tana shanya. Na rufe wajen da tamfol. Ɓangaren titi kuwa ko ganye bai faɗo ba, madubina yana nan a jikin itacen inda na kafa shi, iskar ma tasan wajen waye.

Da na gama sai na shiga gidan Baba Direba da ƙirjina a buɗe. Nace Baba itacenka ya fasa ɗakin goggona, marainiyarta tana can tana yiwa mutane allura, ni na tsaya mata, wa zai gyara? Da kin ji muryata! Kaji suka watse. Tsohon nan jikinsa ya hau rawa, kofin shayi yana ƙara a hannunsa, yace Injiniya duk abinda ka yanke, ko daga tushe kace a sare sai a sare, rufin ma yana wuyana. Nace to Allah ya taimakeka, na fito.

Saboda haka ki kwanta kiyi barci, kina da namiji a gida.

Ki aiko min da farar riga irin ta likitocinku, mai aljihu a ƙirji. Mai motar kayan da ya kawo miki wannan ki bashi. Babba, kinsan kafaɗuna.

Naki, Injiniya

*

Ɗan Kawu,

Wa'alaikumus salam. Na isar da gaisuwarka, marasa lafiya sun ɗaga hannu, sauro ya ce ba ruwansa da kai. Muna lafiya, ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi ya warke. Ƙafar kuwa ka riƙa zama tsakanin aski da aski, ka kuma rage surutu, na san rabin tsayuwar taka ta labari ce. Ka gaida matarka, ka ce mata na ce ƙiba ta yi mata kyau tun ban gani ba.

Da na zo wajen ɗakin Inna sai da na ajiye takardar na yi kuka. Allah ya saka maka da alheri da ka fitar da kayanta, musamman keken. Ba ka sani ba, na nemi hutu bayan damina, ina so in zo da yara mu sauka a ɗakin, su kwana inda kakarsu ta kwana. Yanzu ko rufe ido na yi sai in ga reshe a kansu. Don haka na ji daɗi ƙwarai da Baba ya yarda a sare itacen daga tushe. Hankalina ya kwanta.

Amma Ɗan Kawu, abu ɗaya bai yi mini daɗi ba. Yaya za ka ɗaga wa Baba murya har jikinsa ya yi rawa? Ka manta shi ya riƙa kai Inna asibiti a motarsa lokacin ciwonta, bai taɓa karɓar ko na mai ba? Tsoho ne, sa'an mahaifinka. Na kasa barci saboda kunya. Shi ya sa na rubuta masa takarda daban, na ba shi haƙuri a kan tsawar da ka yi masa, na kuma gode masa da ya ɗauki alkawarin sare itacen da gyaran rufin. Mai motar zai miƙa masa hannu da hannu. Kai ma ka je ka durƙusa.

Farar riga zan duba. Amma in ka fara yi wa mutane allura da ita ba ni ba ce.

'Yar Goggonka

*

'Yar Goggo,

Gaisuwa ga kowa da kowa, yau a zaune ma na yarda. Lafiyarmu ƙalau, ƙafa tayi sauƙi, yanzu kai ne yake ciwo kuma kece.

Wa yace ki rubuta masa? Wa ya aikeki? Ke da muka taso gida ɗaya baki san maganata ba? Koma ki duba takardar, kin ga inda nace wallahi? Na shiga gidan Baba kam na shiga. Na gaishe shi, ya bani shayi, mukayi hirar iska. Kofin ma yayi ƙara amma cokali ne. Maganar rufi na barta sai ya huce daga tarin da yake yi, ai shima iya shugabanci ne. Sauran abinda na rubuta miki abinda zan faɗa ne, na riga na rubuta kafin in faɗa, dan kar in manta.

To ga abinda kika jawo. Ina tsaka da yiwa Kafinta aski, benci cike, Tela ma ya baro shagonsa yazo shan inuwa, sai ga Baba da tabarau a hanci da takardarki a hannu. Ya tsaya a gabana ya karanta ta daga sallama har sa hannu. Da yazo wajen rawar jiki sai ya ɗago yace Injiniya, wace rana ce nayi rawar jikin, dan ni ban ji ba? Tela ya faɗo daga benci dan dariya. Kafinta yace kaji fa, a faɗa mana kaji nawa suka watse? Shima ya karanta tawa kenan, ashe matata ce ta nuna musu kafin in rufe. Ni dai ban daina aski ba, hannuna ko rawa baiyi ba, wannan ki rubuta a littafin asibiti.

Amma dariyar bata daɗe ba. Baba ya naɗe takardar ya sa a aljihu yace, ni ban faɗi maganar nan ba, amma 'yar maƙwabciyata ta gode min a rubuce, ni kuma ba'a gode min in mayar da godiya. Itacena ne ya fasa ɗakin marainiya, ɓarnarsa tawa ce. Zan sare shi, a saida itacen a sayi kwano. Nace Baba wasa ne. Yace da kai wasa ne, da ita ba wasa bane. Na bishi har ƙofa, na durƙusa kamar yadda kika ce, gwiwa biyu a ƙasa a gaban jama'a, ni Injiniya. Yace tashi, ba kai ka gode min ba. Mai ɗakin ce kaɗai zata ce a bari.

Ya riga ya kira masu injin sara. Injinsu ne yake wajen gyara, da ya fito zasu zo.

'Yar Goggo ki ji da kunnen basira. Ni bani da shago. Itacen nan ne shagona, shine rufina, shine allon tallata. A jikinsa madubi yake, a saiwarsa nake ajiye kwanon ruwa, a ƙarƙashinsa na koyi sana'a, da kuɗin inuwarsa nayi aure. Kujera a rana wa zai zauna? Ko ni bazan aske kaina a rana ba. Shima Baba da hannunsa ya dasa, jiya na ganshi ya fito ya dafa jikin itacen ya daɗe, da ya ganni sai yayi kamar tururuwa yake dubawa.

Ki aiko da takarda yau yau, layi ɗaya ma ya isa, kice Baba a bar mangwaro. Rufin ki barshi a hannuna, wannan karon wallahi.

Injiniya

*

Ɗan Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya, aiki ne ya yi yawa, ruwa kuma ya ɓata hanya, motoci ba sa shigowa sosai. Na ji shiru tun takardata, ko fushi kake don na yi maka faɗa? Kai da ba ka iya yin shiru ko a masallaci.

An sare itacen? Idan ba a sare ba ka ɗan tuna wa Baba cikin ladabi, ka ce ina ta dogara da maganarsa, na ma gaya wa yara sun kusa ganin ɗakin kakarsu. Ga farar rigar nan na ba wani mai ɗaukar magunguna da zai bi ta wajenku. Ita ce mafi girma da na samu, ta wani likita ce da ya yi ritaya. Ka sa ta da mutunci.

'Yar Goggonka

*

Jama'ar asibiti, a buga tafi! A tada masu barci a gaya musu! 'Yar Goggo ina gaisheki, ina gaida maigida da yara. Mu lafiya, matata tace ta yafe min, nima na yafe mata duk da ita tayi laifin.

Na gane tawa bata isa hannunki ba kika rubuto. Ance motar kayan ta maƙale a laka. Da na buɗe taki naga "ka tuna wa Baba" sai da naji ƙafar nan ta dawo. Na ninke ta na ɓoye a ƙarƙashin katifa, itama matata na ɓoye mata wannan karon. Rigar kuma tazo a kan lokaci, dan washegari da safe masu sara suka iso, su da injinsu da igiyoyi.

Saurari yadda ake aiki. Na sa farar riga, na sa tsefe a aljihun ƙirji. Na fito na daka shela nace yau aski kyauta ga duk mai kai. Kafin masu sara su gama sauke kaya benci ya cika, wasu a kan saiwa, wasu a kan bulo, masu sanƙo ma sun zo. Shugabansu, wani dogo da ake kira Mai Inji, yace a tashi za'a yi aiki. Nace ranka ya daɗe ai baka kada itace kan mutane ba, bari in sallame su. Sannan na kalli kansa, gashi kamar an watsar da katifa. Nace da wannan zaka hau sama, garin katako ya cika shi? Zauna in rage maka, kyauta ce, baƙo ne gaba. Ya zauna.

Na aske masa ɓangaren dama tas har yana ƙyalli. Na hagu ban taɓa ba. Sai na ajiye reza na harɗe hannu.

Yace ƙarasa mana. Nace ina ƙarasawa zaka tashi ka sare inda madubin yake. Ya kalli madubi, ya kalli yaransa, su kuma sun juya baya kafaɗunsu suna rawa. Yace to bari in sa hula. Tela yace babu mai ara maka. Mutum ne mai iyali, ina zashi da rabin kai? Ya zauna daram.

Sai ga Baba ya fito yace me ake jira. Nan aka buɗe shari'a. Tela yace shi a ganinsa babu mai laifi, iska ce ta karya, a je a kamo iska. Kafinta yace ina, mai itace ke da ɓarnar itacensa, balle reshen nan ya daɗe da tsagewa, shi ya gani tun bara. Baba yace kun ji ko, nawa ne, ni zan ɗauka, a tada inji.

Sai Injiniya ya gyara riga. Nace Baba da izininka. Shekara da shekaru itacen nan yana bada inuwa, ka taɓa fitowa kace taka ce kai kaɗai? Mangwaron da yake faɗowa gidanmu ka taɓa aiko a ƙirga? Goggo da kwando take tsincewa, 'yarta da take allura yanzu har ciwon ciki tayi saboda ɗanye. Nace duk wanda ya taɓa zama a inuwar nan ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga, har Mai Inji, dan shima tun safe a ciki yake. Nace to da yana daɗi namu ne duka, yau da ya yi ɓarna sai ya zama na tsoho shi kaɗai? Kai kuma Kafinta da ka ga tsaga tun bara ka zauna a ƙarƙashi kana cin gyaɗa baka faɗa ba, ɗauko gudumarka.

Baba ya cire tabarau ya goge, yace iska ce ta sa masa ƙasa a ido.

Ga yadda aka yanke. Masu sara suka hau suka sauke duk rassan da suke kallon gidanmu, ko ɗan tsinke bai rage a saman ɗakin ba. Mai gidan burodi ya sayi rassan, da kuɗin aka sayi kwano da katako, kinga Baba ya biya da abinsa kamar yadda yake so. Kafinta ya buga, Tela ya riƙe tsani, sauran suka miƙa kaya, Baba da kansa ya zauna yana miƙa ƙusa. Ni na tsaya a ƙasa ina bada umarni, dan aiki in babu shugaba lalacewa yake. Na yiwa duk wanda ya sa hannu alkawarin aski kyauta har damina ta zagayo. Mai Inji kuwa sai da ya sauko na ƙarasa masa, a sama yayi aikin da rabin kai, titi ya cika da 'yan kallo.

An yi ruwa bayan nan, na shiga ɗakin da kaina na tsaya, ko ɗigo. Na mayar da gado da akwati da keke inda suke.

Saura abu ɗaya. Baba yace rassa sun sauka amma maganar tushe tana nan, dan a rubuce aka gode masa. Ya cewa Mai Inji ya saurari kira. Har yanzu a hannunki nake. Ki aiko da layin nan.

Injiniya, wanda ya tsayar da inji da reza

*

Ɗan Kawu,

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, ɗaya duk laka. Na karanta ta farko gabana yana faɗuwa, na karanta ta biyu a ɗakin magani ina dariya har babbar nas ta leƙo ta ga ko lafiya. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, sun ce a ajiye musu mutumin mai rabin kai.

Laifina ne da na ɗauki maganarka yadda ta zo, na manta tun muna yara kai ne ka kashe macijin da ya zama igiya. Amma ban san abin da nake nema a sare ba. Ina can ina tunanin ɗaki, ban yi tunanin kujerarka ba, ban yi tunanin Baba ba. Ka yafe mini. Tunda babu reshe a saman ɗakin, ba ni da sauran magana da itacen.

Ga takardar Baba a ciki, a rufe. Na ce masa ya cika alkawarinsa har ya wuce, ni ce nake roƙo a bar mangwaro. Ka miƙa masa yadda take. Kada ka buɗe, kada ka karanta masa, kada ka ƙara gishiri.

Ina alfahari da kai. Kada ka nuna wa Tela wannan layin.

'Yar Goggonka

*

Gaisuwa ga asibiti da kewaye, da babbar nas musamman, a ce mata lafiya ƙalau, Injiniya ne.

'Yar Goggo mu lafiya. Na nunawa Tela layin, na nunawa Kafinta, yanzu yana maƙale a gefen madubi.

Ta Baba ban buɗe ba, a rufe na kai da hannu biyu. Ya karanta a tsaye a ƙofar gida, ya sake karantawa, ya sa a aljihu. Sai ya tako ya wuce layi ya zauna a kujerata. Kinsan tsohon nan tunda nake sana'a da kansa yake aske kansa, yana cewa bazai miƙa wuyansa ga mai surutu ba. Ya cire hula yace to Injiniya, a yi duka biyun, hagu da dama. Wallahi hannuna ne yayi rawa wannan karon, amma ban yanke shi ba. Ya aika an gayawa Mai Inji ya nemi aiki wani wajen.

Itace yana nan, ɗaki yana jiranku, ni kuma ban taɓa samun jama'a kamar yanzu ba. Daga safe har yamma layi. Sai dai duk 'yan kyauta ne. Ashe ranar gyaran rufi duk unguwa ta miƙa ƙusa, har wani da a ranar yana tafiya yace da zuciyarsa ya miƙa. Kafinta kuwa gashinsa da dare yake fitowa saboda mugunta. Ban kori kowa ba, magana ce na faɗa a gaban mutane kuma wannan da bakina na faɗeta.

Ki aiko min da reza. Kwali babba, ba ƙarami ba. In akwai wanda likitoci suke yanka mutane dashi ma sako, zan iya dashi.

Naki, Injiniyan Kawuna